Lasifika ko hedifon: wanne za ka saya wa kwamfutar tebur, kuma ta yaya za ka riƙa sauyawa?

Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani gari na ƙasar Gumel, a kan hanyar Maigatari. Aikinmu buga takarda, fotokwafi, cike fom a intanet, tura karatu da wa'azi a memori, in an yi la'asar kuma in koya wa yara kwamfuta. Duk wanda ya sayo kwamfutar tebur a garin nan da ƙauyukan da ke kewaye, malamin makaranta ne ko mai kemis ko sakataren ƙungiyar manoma, ƙarshenta wajena yake zuwa da magana guda: "Malam, na jona komai, hoto na fita, amma ba ta magana. Lasifika zan saya ko hedifon?" Wanda kuma ya riga ya mallaki duka biyun, kukansa daban ne: ya cire wannan ya sa wancan, yau ta yi gobe ta ƙi.

Kafin a kashe ko kwabo, a fara bincika ko kwamfutar tana da lasifika a jikinta. Mutane sun saba da laftof da waya, suna ɗauka kowace na'ura da bakinta take zuwa. Yawancin kwamfutocin tebur ba haka suke ba. Waɗanda aka yi don ofis, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda su ne suka cika kasuwar na hannu a Kano, da yawansu suna da ɗan ƙaramin lasifika guda ɗaya a cikin akwatin. Yana isar ka ji ƙarar shigowar saƙo, ko ka saurari labarai in ɗakin shiru ne. Da an tayar da janareta, ko babur ya wuce, shi ke nan ya nutse. Wani lokaci kuma lasifikar tana jikin monita ne. A nan wayar da ta haɗa monita da akwati ita ce mai hukunci. Wayar VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. HDMI da DisplayPort su ne ke ɗaukar hoto da sauti tare. Kuma akwai tarko a nan: in ka jona monita ta HDMI, Windows takan tura sautin can, ko da monitar ba ta da lasifika. Sai kwamfuta ta yi gum, mai ita ya ɗauko ta a bayan babur ya kawo gyara, alhali lafiyarta ƙalau.

To, a ce an tabbatar sai an sayi wani abu. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga lasifika, kuma dalilina ba na fasaha ba ne. A wurinmu kwamfuta ba kayan mutum ɗaya ba ce. In malami ya sa darasin lissafi a YouTube, yara biyar ne a kansa. In azumi ya zo aka sa tafsiri, mai shayi na maƙwabta da mai faci duk suna kasa kunne. In na buɗe labaran BBC Hausa da safe, duk wanda ke kan benci ya samu rabonsa. Hedifon ba ya yin wannan, na mutum ɗaya ne, in an matsa biyu, kowa da kunne guda. Sannan mai lasifika kunnensa a buɗe yake. Yana jin kiran salla, yana jin sallama, yana jin kukan yaro a tsakar gida, yana jin in sautin janareta ya canza.

Maganar sallamar nan kada a raina ta. Akwai ranar da na fita sayo takarda, na bar yaron shagona yana buga wani aiki, ya juya wa ƙofa baya, hedifon ya rufe masa kunnuwa biyu. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya zo da takardar gona a yi masa fotokwafi. Ya yi sallama sau uku, yana tsaye a rana da sandarsa. Ina dawowa na tarar da shi zai juya. Ya ce, "Ɗan nan, yaron naka ba ya ji ne, ko kuwa ba a amsa sallama a shagon nan?" Na rusuna na ce, "Baba, a gafarce mu, abin kunne ne ya hana shi ji." Ya dubi yaron, wanda ya riga ya zabura ya durƙusa, ya ce, "To ka riƙa barin kunne ɗaya saboda mutane." Tun ranar na juya teburin ya fuskanci ƙofa, kuma dokar shago ce: in ba aikin da ya zama dole ba, kunne ɗaya a waje.

Lasifikar ma iri-iri ce, kuma wutar da kake da ita ce za ta zaɓa maka. Akwai ƙanana masu wayoyi biyu, ɗaya ta shiga ramin sauti, ɗaya ta shiga USB ta ɗebo wuta. Ramin USB 2.0 volt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat 2.5 ke nan, na USB 3.0 kuma ya kai wat 4.5. Don haka in ka ga an rubuta ɗaruruwan wat a jikin kwalin irin wannan lasifika, ado ne kawai, ba za ta ba da abin da ba ta samu ba. Amma ga mai sola da ɗan batir, ita ce daidai: ba ta neman soket na daban, tana tashi tare da kwamfuta, tana mutuwa tare da ita, kuma ta isa shago ko ɗaki. Sai masu fulogin kansu, har zuwa hom tiyata, wato babban saitin lasifika na ɗaki, mai gangar bes. Waɗannan sun fi daɗin sauti nesa ba kusa ba, kuma su ne za su cika aji, amma suna ƙara wa inbata nauyi, kuma su ne suka fi saurin ƙonewa in wuta ta zo da ƙarfi. Wanda kuma yake da tsohuwar lasifikar rediyo ko ta masallaci mai wayoyi biyu tsirara, ya sani ba za ta yi ba kai tsaye. Ramin kwamfuta ba shi da ƙarfin tura ta, sai an sa amfilifaya a tsakani.

Lasifika mai araha tana da 'yan halaye. In waya tana kusa da ita, sai ka ji tana "dit-dit-dit" kafin kira ya shigo, musamman a inda sabis ya koma 2G, abin da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu. Matsar da wayar gefe shi ne maganin. Wata kuma tana gunji ƙasa-ƙasa in ana kan janareta ko ƙaramar inbata. Waɗannan duk ana jure su. Abu biyu ne ba a jurewa. Na farko, kiran intanet: in kana taro a Zoom ko kiran WhatsApp da lasifika, muryar wancan tana fita ta koma cikin makirfo, sai ya riƙa jin amsa-kuwwar kansa, in abin ya yi tsanani har ta yi ƙara mai tsinka kunne. Na biyu shi ne sirri, kuma wannan na ɗanɗana shi da kaina.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, shago ya cika tun hantsi. Wata baiwar Allah ta zo da ƙaninta, wayarta ta lalace, tana so a kwashe mata abin da ke tsohon memori zuwa sabo. Mijinta yana ci-rani a kudu. Ta ce a hankali, "Malam, don Allah a duba ko saƙonnin baban yara suna ciki." Na danna ɗaya don in tabbatar bai lalace ba, ina zaton ta hedifon zai fito. Ashe bakin wayar bai gama shiga rami ba. Muryar bawan Allah ta fito tarwai ta lasifika, maza shida zaune a benci, magana ce ta tsakanin miji da mata, a kan cefane da wani bashi da ake binsu. Kafin hannuna ya kai ga maɓalli an ji abin da bai kamata a ji ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce wa ƙanin, "Tashi mu je." Na bi ta da ban haƙuri har bakin ƙofa, ta ce ba komai, amma ban sake ganinta a shagon ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin amana ta kawo mini.

Wannan shi ne babban aikin hedifon: yana tsare abin da ba na kowa ba. Bayan haka yana kawo sauti kusa. In an kawo mini rikodin taro ko wa'azi in mayar da shi rubutu, da lasifika sai in maimaita jimla sau huɗu, da hedifon sau ɗaya ya isa. Ɗalibin tajwidi da ke son ya rarrabe fitar haruffa, mai koyon Turanci ko Larabci, mai haɗa sautin sanarwar biki, duk hedifon ya fi musu. Haka mai karatun dare a ɗaki ɗaya da iyali, ko a gidan da katangar zana ce tsakaninsa da maƙwabci. Wuta kuwa kusan ba ya ci. Wanda ke da makirfo a jiki ya kashe maganar amsa-kuwwa gaba ɗaya.

Sai dai ƙasarmu ba ta tausaya masa. A watan Afrilu da Mayu, in ka sa babban mai rufe kunne na rabin awa, gumi zai riƙa bi ta wuyanka, kuma fatar roba da aka naɗe soson da ita takan fara ɓarewa, ta bar maka baƙin ɓurɓushi a kunne da hula. In za ka saya, nemi mai soson yadi. Ƙaramin iyafis da ake cusawa cikin kunne ba shi da zafi, amma bai dace da shago ba, domin abin da ya shiga kunnen mutum goma a yini yana iya ɗaukar ciwon kunne daga wannan zuwa wancan. Na shago ya zama mai zama a kan kunne, a riƙa goge shi da auduga da sifirit. Wayarsa kuma ita ce ajalinsa: kullum daga gindin baki take karyewa, inda ake lanƙwasawa, sai kunne ɗaya ya ɗauke.

Abin da ya fi damuna da hedifon shi ne lafiyar ji, musamman ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙara) har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai desibel 90, awa 4 kacal ne a mako. Ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, shi ya sa take ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura. Yanzu ka dubi halinmu. Janareta yana ruri a bayan shago, injin niƙa yana yi a tsallaken titi, yaro ba ya jin abin da ya sa, sai ya ƙure murya don ya danne hayaniyar. Shi bai ji ta yi yawa ba, amma kunnen yana karɓar duka. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ma'aunina mai sauƙi ne: in ina tsaye kusa da yaro ina jin abin da ke fita daga hedifon ɗinsa, ko na yi masa magana daga nisan hannu bai ji ba, to ya rage.

Wata tambaya da ake yawan yi: iyafis ɗin waya zai yi a kwamfutar tebur? Dubi bakin ƙarfen. Mai baƙin zobe biyu na ji ne kawai. Mai zobe uku yana ɗauke da makirfo, irin na waya ke nan. Tsofaffin kwamfutoci sun raba ramukan, kowanne da launinsa: kore na fitar sauti, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti daga wata na'ura. In ka sa mai zobe uku a koren rami, galibi za ka ji, amma makirfon ba zai yi aiki ba, sai ka sayi 'yar waya mai raba shi gida biyu, ɗaya kore ɗaya ruwan hoda. Sababbin na ofis kuma sukan zo da rami guda a gaba mai hoton hedifon da makirfo, wannan yana karɓar na waya yadda yake.

Ka ga ke nan kowanne da ranarsa, kuma mafi yawanmu duka biyun muke buƙata. Don haka ainihin zaɓin yana wajen yadda za a riƙa sauyawa.

Hanyar da kowa ke farawa da ita, ita ce mafi muni: a zagaya bayan akwati, a zare lasifika daga koren rami, a cusa hedifon, an jima a mayar. Ramin nan na milimita 3.5 ɗan siririn ƙarfe ne a ciki yake riƙe baki. Yawan cirewa da sawa yana sassauta shi, ƙurar hunturu ta shiga ta zauna, sai ka fara riƙe waya da hannu ko ka tokare ta da littafi kafin sauti ya fito. Na baya kuma a jikin babban allon kwamfutar yake, gyaransa ba na kowa ba ne. Ƙari a kan haka, kwamfuta ba ta san ka canza komai ba. In murya tana kan 100 saboda lasifika, haka za ta zubo maka ita cikin kunne.

Wadda ta fi ta: lasifika a baya ta zauna dindindin, hedifon a ramin gaba. Kwamfutocin da ke kan tsarin sauti na HD Audio, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2004, suna gane an cusa abu a gaba, sai su kashe na baya da kansu, in ka zare su mayar. Ba ka kashe ko sisi ba. Amma har yanzu ana cirewa ana sawa, kuma ganewar ta dogara ga ɗan makunni a cikin ramin. In ya yi datti ko bakin bai shiga sosai ba, sai a samu irin abin da ya same ni ranar Alhamis ɗin nan. Wani lokaci kuma bayan an yi wa kwamfuta sabon Windows, ramin gaba yakan yi shiru sai an sa direban sauti na kamfanin da ya ƙera ta, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta sarrafa kayan sautin. Ga waɗanda direbansu na kamfanin Realtek ne, a cikin manhajarsa akwai wurin da ake zaɓar a raba gaba da baya su zama na'urori biyu daban. In ka samu wannan ka kunna, ka huta: ka bar duka biyun a jone, sauyawa ta koma ta kan allo.

Akwai dabara ta 'yan kuɗi kaɗan da ba ta neman direba: 'yar waya mai baki ɗaya da ramuka biyu. Ka sa ta a kore, ka jona lasifika da hedifon tare. Dukansu za su riƙa yi lokaci guda, in kana son sirri sai ka murɗe lasifikar da hannu. Ga dattijo ko wanda bai saba da shiga saiti ba, ita nake ba shi, domin abin da hannu ya murɗe ido ya gani babu kokwanto a cikinsa. Aibinta, sautin yakan ɗan ragu, hedifon kuma yana ta yi a kan tebur ko ba a sa shi ba. Wasu lasifikokin ma suna da ramin hedifon a gabansu, kana cusawa su yi shiru. Wannan ma ya yi, kuma in ramin ya lalace, lasifika ce ta lalace ba kwamfuta ba.

Wadda na fi yarda da ita, kuma ita nake amfani da ita yanzu, ita ce ta USB. Ko dai hedifon mai bakin USB, ko ɗan katin sauti mai kama da filas, mai rami kore da ruwan hoda a jikinsa, wanda ake samu a Beirut Road ko Farm Centre in an shiga Kano. Windows tana ɗaukarsa a matsayin na'ura mai zaman kanta, yawanci ba sai an sa direba ba, kuma tana riƙe wa kowace na'ura ma'aunin muryarta. Tawa lasifikar tana kan 70, hedifon yana kan 25, kowanne na nan inda na bar shi. Shi ne kuma magani ga kwamfutar da ramukanta suka riga suka mutu. A gwada kafin a biya, domin masu arahar sosai wasunsu suna da 'yar shiii a ƙasan sauti, kuma araha ba ta ado. Abu ɗaya a kiyaye: in aka zare shi ana cikin sauraro, sautin yakan koma lasifika ya ci gaba.

Bulutut ban cika ba da shawararsa ba a nan. Tsofaffin kwamfutocin tebur ba su da shi sai an sayo abin jonawa, sauti yakan ɗan makara a bayan hoto, da ka buɗe makirfo ingancin ya faɗi ya koma kamar na kiran waya, ga kuma caji, a garin da cajin waya ma sai an kai shago.

Sauyawar ta kan allo ba ta da wuya. A Windows 10, danna hoton lasifika da ke ƙasa kusa da agogo, za ka ga sunan na'ura a saman ma'aunin murya, danna shi ka zaɓi ɗayar. A Windows 11 da aka sabunta, haɗa maɓallin Windows da Ctrl da V, jerin zai fito. Masu Windows 7, waɗanda har yanzu suna nan da yawa duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, su danna Windows da R, su rubuta mmsys.cpl, su zaɓi na'urar su danna Set Default. Wannan umarnin yana aiki a 10 da 11 ma, kuma a can ne za ka iya barin lasifika a matsayin ta yau da kullum, ka naɗa hedifon a matsayin na kira. In na'urar ba ta cikin jerin, danna maɓallin dama na maus a fili ka ce a nuna waɗanda aka kashe. Akwai kuma abin da na fi jin daɗinsa: Windows 10 da 11 suna barin kowace manhaja ta bi tata hanyar, ta cikin saitin sauti, VLC ma, manhajar kunna sauti da bidiyo, yana da wannan a ƙarƙashin Audio. Da azumi tafsiri yana fita ta lasifika ga mutanen benci, ni kuma ina sauraron rikodin ɗin da nake bugawa ta hedifon, a kwamfuta ɗaya.

In kuɗinka na abu ɗaya ne, dubi wanda zai zauna gaban kwamfutar. Ta gida ce da yara, ko ta aji, ko ta ofishin ƙungiya, fara da ƙaramar lasifikar USB mai abin murɗawa a gaba, kada ka karɓi wadda ba ta da shi. Ɗalibi ne mai darasi a intanet, ko mai neman aiki da za a yi wa tambayoyi ta bidiyo, ko mai buga rikodin, fara da hedifon mai makirfo. Mai shago irina kuwa ba shi da zaɓi, duka biyun ne, kuma a jone koyaushe.

A tebur ɗina yanzu lasifika tana koren ramin baya, na ɗaure wayarta da ƙafar tebur don kada yara su ja. Katin USB yana gaba da hedifon a jikinsa, rataye a ƙusa. Ramukan da ba na amfani da su na liƙe su da salatif saboda ƙura. Kuma duk wanda ya miƙo mini memori ko waya, kafin in karɓa sai na murɗe lasifikar har ta ce ƙas, fitilarta ta mutu, a gaban idonsa.